Jarrabawar da Ba a Cin Ta da Hadda: Lacca kan Shirin GMAT



Shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa, ƙannena masu hidimar ƙasa, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana kan yadda ake shirya wa jarrabawar shiga makarantun koyon sha'anin kasuwanci na gaba da digirin farko, wato masu ba da digirin MBA. Jarrabawowin suna da dama, amma zan tsaya kan GMAT, domin ita ce aka ƙirƙiro musamman saboda wannan aiki, kuma wanda ya gane halinta, sauran ba za su ba shi wuya ba.

Tun mutum bai kashe ko kwabo ba, ya fara tambayar kansa: makarantar da nake so tana neman wannan jarrabawa kuwa? Yawancin jami'o'inmu na gida ba sa nema. Mai son MBA a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya je ya karanta sharuɗɗansu, ya bi hanyarsu. GMAT ta wanda ya sa ido ne kan irin su Harvard da Wharton a Amurka, ko INSEAD a Faransa, ko Makarantar Kasuwanci ta Landan. Da yawa daga cikin waɗannan ma suna karɓar jarrabawar GRE a madadinta, wadda tun Satumban 2023 aka rage ta koma ƙasa da awa biyu kaɗan. Wanda kuma ya daɗe yana riƙe da muƙami a wurin aiki, yana neman MBA na manyan ma'aikata, akwai wata gajeriya ta minti 90 da ake kira Executive Assessment. Kowa ya duba wadda makarantarsa ta ambata.

Asalin GMAT kuwa wata matsala ce da ta dami makarantun Amurka. A 1953 wakilan makarantun kasuwanci tara suka zauna da hukumar shirya jarrabawa ta ETS, saboda masu neman gurbi suna zuwa daga jami'o'i iri-iri, kowace da irin makinta, ba yadda za a auna wannan da wancan. A 1954 aka yi jarrabawar farko, a 1976 ta sami sunan da muka san ta da shi, kuma ƙungiyar GMAC ce ke riƙe da ita. Na kawo wannan tarihi ne domin ya shafe mu kai tsaye. Kwamitin da ke zaune a Faransa yana tace takardu bai san nauyin digirin Jami'ar Maiduguri ko na Usmanu Danfodiyo ba. Bai san wahalar da aka sha kafin a samo shi ba. Amma ya san ma'anar makin GMAT, domin tambayoyin da za a ba ɗan Sakkwato daga rumbu ɗaya suke fitowa da na ɗan Oxford, lokacin ma ɗaya ne. Wurare kaɗan ne a duniyar nan ake ɗora mu a kan sikeli ɗaya da kowa, shi ya sa nake jin takaici idan na ga haziƙin yaro ya shiga ɗakin ba shiri.

A Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari, tsohon kuma ya daina aiki a ƙarshen Janairun 2024. Ku riƙe wannan da kyau, domin har yanzu tsofaffin littattafai suna yawo a hannun mutane. Yanzu sassa uku ne, kowane minti 45. Sashen lissafi tambaya 21, sashen fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, sashen nazarin bayanai tambaya 20. Jimilla tambaya 64 cikin awa biyu da kwata, da hutun minti goma ga mai so. An cire rubutun insha'i, an cire gyaran jimla, an cire lissafin kusurwoyi da siffofi. Maki yana farawa daga 205 ya tsaya a 805, kuma sassan uku nauyinsu ɗaya. Wanda ya ji yayyensa suna maganar 700 kada ya tsorata da sabon ma'auni: 645 na yanzu shi ne daidai da 700 na da.

Abin da ya raba ta da WAEC da JAMB da duk jarrabawar da muka saba shi ne kwamfutar tana auna ka kana cikin amsawa. Ka ci tambaya, ta miƙo maka wadda ta fi ta tsauri. Ka faɗi, ta sassauto. Makinka ba yawan abin da ka ci kaɗai ba ne, har da nauyin tambayoyin da ka iya ɗauka. Saboda haka mutum biyu da ke zaune kusa da juna ba tambaya ɗaya suke gani ba, kuma duk iyawarka sai kwamfutar ta kai ka inda za ka fara tuntuɓe, don aikinta ke nan, ta gano iyakarka. Wanda ya saba cinye takarda kaf zai ji kamar yana faɗuwa, alhali kuwa tsaurin tambayoyin alama ce ta yana hawa.

A nan ne hadda take gaza mu. Ni ba mai raina hadda ba ne. Duk wanda ya bi ta makarantar allo ya san darajarta da irin horon da take yi wa ƙwaƙwalwa. Amma tsarin bokonmu ya ɗauke ta ya kai ta inda ba wurinta ba. Mun saba malami ya ba da takardun darasi, mu haddace, mu nemo tambayoyin shekarun baya, mu juye wa malamin abinsa ranar jarrabawa, a ba mu maki. GMAT ba ta tambayar abin da ka sani. Lissafin cikinta bai wuce na sakandare ba: kaso, kashi cikin ɗari, aljabara, matsakaici, ƙa'idojin lambobi. Abin da take nema shi ne ta ga yadda kake yanke shawara alhali bayani bai cika ba, lokaci kuma yana ƙurewa, wanda shi ne aikin manaja kowace safiya.

Bari in ba ku misali na irin tambayar da ta fi rikita sababbin shiga, wadda ake samu a sashen nazarin bayanai. Ba a ce ka nemo amsa ba. Cewa aka yi ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a samo ta. A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sayar da turmin atamfa. Tambaya: ribarsa ta haura kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da ya saro? Bayani na ɗaya: ya sayar a kan naira 60,000. Bayani na biyu: ribar ita ce kashi ɗaya bisa biyar na kuɗin da ya sayar. Zaɓi biyar ne kullum: na ɗaya kaɗai ya isa, na biyu kaɗai ya isa, sai an haɗa su, kowane shi kaɗai ya isa, ko kuma ko an haɗa su ba su isa ba.

Ɗalibin da ya saba da lissafin aji zai haɗa bayanan nan biyu nan take, ya fitar da riba naira 12,000, uwar kuɗi naira 48,000, ya ce sai an haɗa su. Lissafinsa daidai ne, amma ya faɗi tambayar. Bayani na biyu shi kaɗai ya wadatar. Idan riba ɗaya bisa biyar ce ta kuɗin sayarwa, to uwar kuɗi huɗu bisa biyar ce, riba kuwa ɗaya bisa huɗun uwar kuɗi, wato kashi 25 cikin ɗari, ko nawa aka sayar da turmin. Naira 60,000 ɗin nan an ajiye ta ne domin a ga wa zai ruga wa lamba don kawai ya ga lamba. Ku lura da abin da aka auna a nan: sanin abin da kake bukata da abin da ba ka bukata. Shugaban kamfanin da ba zai iya yanke hukunci ba sai an kawo masa kowace takarda, kasuwa za ta tashi ta bar shi.

A sashen auna hujja ma haka abin yake. Za a ba ka ɗan gajeren zance, a ce wani kamfanin ruwan leda a Kano ya fara talla a rediyo a watan Maris, a Afrilu ciniki ya ƙaru, manaja ya ce tallan ne ya jawo, don haka a ninka kuɗin talla. Sai a tambaye ka wane bayani ne zai fi raunana maganar manajan. Kowa a zauren nan ya san irin zafin da ake yi a Afrilu. Idan cinikin duk masu ruwan leda ya ƙaru a watan, har da waɗanda ba su yi talla ba, hujjar manaja ta rushe. Abin da ake so ka gano shi ne zaton da mai magana ya ɓoye bai furta ba, a nan shi ne cewa babu wani abu da ya canja sai tallan. Mu kuwa an rene mu kan kada mu ja da abin da ke rubuce a littafi, kada mu ja da na gaba. Ladabi abu ne mai kyau, kada a bar shi. Amma a gaban wannan kwamfuta dole ka karanta kowane zance kana tambaya: ina aka tsallake? Me ya sa wannan ya haifar da wancan?

To, yaya ake shiri?

A fara da gwaji, ba da karatu ba. A shafin mba.com, wanda na GMAC ne, akwai cikakkun jarrabawowin gwaji guda biyu kyauta. Ka zauna ka yi ɗaya da agogo, ba waya, ba tashi. Makin zai iya ɓata maka rai, musamman idan ka fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Ka daure, sai an gwada akan san na ƙwarai. Daga nan za ka san inda rauninka yake, maimakon ka yi wata guda kana bitar abin da ka riga ka iya don yana yi maka daɗi. Na biyun kuma ka adana shi, kada ka ɓarnatar da shi da wuri.

Sai gyaran tushe. A sashen lissafi babu kalkuleta; a sashen nazarin bayanai kaɗai ake ba da ita a fuskar kwamfuta. Wanda ya yi shekara biyar a banki yana danna Excel zai tarar hannunsa ya manta raba lamba da lamba. Makonnin farko na dawo da wannan ne: jadawalin sau, mayar da kaso zuwa kashi cikin ɗari da ka, gane cewa kaya idan suka tashi da kashi 25 sannan suka sauka da kashi 20 sun koma farashinsu na farko. Injiniyoyi da akantoci kuma kada su ce lissafi nasu ne su yi sakaci. Su ne suka fi faɗa wa tarkon dogon lissafi a inda ɗan tunani zai wadatar.

Abin da na fi so ku ɗauka daga laccar nan shi ne littafin kurakurai. Ka sami littafi guda, duk tambayar da ka faɗi, ko ka ci da sa'a, ko ta cinye maka fiye da minti uku, ka rubuta ta. Ba amsar za ka rubuta ba, dalilin faɗuwar za ka rubuta. Ban san ƙa'idar ba ne? Na san ta amma ban gane ita ake nema ba? Na karanta tambayar da gaggawa, an ce wanne ne ba daidai ba na zaɓi wanda yake daidai? Na ɗauka lambar cikakkiya ce alhali ba a faɗa ba, ko na manta tana iya zama sifili ko ƙasa da sifili? Bayan mako uku ka buɗe littafin ka karanta daga farko. Za ka tarar kurakuranka ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne suke ta dawowa cikin tufafi daban-daban. Ɗalibin da ya yi tambaya ashirin ya zauna ya tone kowace har ya gane me ya sa amsoshi huɗun nan ba daidai ba ne, ya fi wanda ya yi ɗari biyu yana duba bayan littafi yana wucewa. Na sha ganin masu alfahari da yawan littattafan da suka gama, makinsu kuwa yana nan inda yake, saboda kuskuren da suka yi a shafi na goma shi suke yi a shafi na ɗari huɗu. Kuma a riƙe tambayoyin GMAC na asali, waɗanda ke cikin littafinsu na hukuma. Tambayoyin kwaikwayo da ake turawa a WhatsApp sau da yawa ba su da irin dabarar na gaskiya, wasu ma amsarsu kuskure ce.

Game da Turanci, matsalarmu ba ƙarancin kalmomi ba ce, saurin karatu ne. Za a ba ka sakin layi uku ko huɗu kan ilmin halittu, ko tarihin ƙungiyoyin ƙwadago, ko wata muhawarar masana tattalin arziki, abin da ba ka taɓa ji ba, a ce ka faɗi manufar marubucin. Wanda yake karantawa yana fassara wa kansa da Hausa a zuci, lokaci zai ƙare masa. Maganin wannan ba ya samuwa cikin mako guda. Kullum ka karanta doguwar maƙala ɗaya mai nauyi, irin na mujallar The Economist ko jaridar Financial Times, ka rufe, ka faɗi cikin jimla biyu abin da marubucin yake so ka yarda da shi da hujjar da ya kafa. Ka zaɓi fannin da ba ka so, domin ranar jarrabawa ba za a tambaye ka abin da kake so ba.

Sai maganar agogo, wadda ta kayar da masu ilmi da yawa. Minti 45 a raba wa tambaya 21, kowace ta sami minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Idan ka tsaya kan guda ɗaya minti shida saboda zuciya ta ce ai ka iya, ka sayar da tambayoyi biyu na gaba. Barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe kuwa yana da hukunci mai tsanani a kan maki. Don haka sakin tambaya ma fasaha ce da ake koyo: minti biyu da rabi sun wuce ba ka ga hanya ba, ka cire zaɓin da ka tabbata ba su ba ne, ka canki ɗaya, ka yi gaba. Sabon tsarin ya kawo sauƙi a nan, domin kana iya sa wa tambaya alama, idan ka gama sashen da sauran lokaci ka koma ka canja amsa har uku. Uku kawai, saboda haka ba abin dogaro ba ne. Kai ne kuma za ka zaɓi sashen da za ka fara da shi; ka gwada jeri daban-daban a gida har ka san wanda ya dace da kai.

Tsawon shiri ya danganta da inda mutum ya faro, amma a ganina ma'aikaci ya ware wata uku zuwa huɗu. Awa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba, kafin gari ya waye da hayaniyarsa, ta fi awa takwas ranar Lahadi kaɗai. 'Yan'uwana mata masu aure da yara, ku zauna da maigida da mutanen gida tun farko a yi maganar wannan lokaci a fili, a san naku ne. Ku kuma mazan da ke nan, idan matarka ko ƙanwarka ce ke shirin, ɗauke mata wani nauyin na 'yan watanni yana cikin taimakon da za ka yi mata.

Kuɗin rajista ya kusa dala 300, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san abin da wannan ke nufi a aljihu. An yarda mutum ya sake zama bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata 12, amma wa ke da kuɗin yin haka? Kada ka yi rajista sai makinka na gwaji ya kai inda kake so sau biyu a jere. Ana iya yin jarrabawar a gida ta intanet, ana kuma iya yi a cibiyoyin Pearson VUE, irin na Abuja da Legas. Shawarata a tafi cibiya. Ɗaukewar wuta ko yankewar intanet a tsakiyar sashe ba abin da za ka so ka gwada da kuɗinka ba ne. Ka isa garin tun jajibiri, ka kwana, ka san hanyar. Ka kuma tabbata sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai harafi da harafi da na fasfonka. Mu da ake rubuta mana Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya hana mutum shiga a bakin ƙofa saboda shi.

Dole in faɗi wata magana ko da ba ta yi daɗi ba. Za ku haɗu da masu cewa suna da tambayoyin da ke fitowa, ko za su zauna muku ta wata dabarar kwamfuta. A 2008 GMAC ta yi nasara a kotun Amurka kan wani shafi mai suna Scoretop da ke yaɗa tambayoyin da ake amfani da su, aka yanke masa diyyar sama da dala miliyan 2, aka karɓe bayanan shafin, aka soke makin mutum 84, aka kuma sanar da makarantun da aka aika wa makin. Ban da haramcin abin, wanda ya shiga aji da makin da ba nasa ba zai zauna da mutanen da suka ci nasu da guminsu, kuma tun makon farko za a gane.

Makin yana aiki shekara biyar. Wannan dama ce ga ƙannena masu hidimar ƙasa: yanzu da lissafi bai bushe a kanku ba, nauyin iyali bai hau ba, kuna iya zama ku ajiye makin, ku yi aiki shekara uku ko huɗu, sannan ku nema, domin manyan makarantun Amurka ɗalibansu sukan zo da ƙwarewar aiki ta kusan shekara biyar. Masu nema bana kuma su lissafa daga baya. Zagayen farko na karɓar takardu a yawancin waɗannan makarantu yakan rufe a Satumba, na biyu a Janairu, kuma mai neman tallafin karatu da biza gara ya shiga da wuri. Ke nan a gama da GMAT tun Yuni ko Yuli, domin bayanta akwai rubutun bayanin kai, da wasiƙun shaida daga shugabannin wurin aiki, da karɓo takardar sakamako daga jami'a, wadda ita kaɗai takan ci makonni. Da ka gama jarrabawar za ka ga makinka a fuskar kwamfuta, kuma sai sakamakon hukuma ya fito sannan za ka zaɓi makarantu biyar da za a aika wa kyauta, cikin awa 48. Ka shirya sunayensu tun kafin ranar.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Allah ya ba kowa sa'a.